Gaɓar da Kawu Ya Hana Ni

Ruwan Juma'ar da ta wuce ya tafi da mangwaron nan na bakin rafi a Chaza, har da saiwarsa. Ina tsaye ina kallon ramin, sai Kawu ya faɗo mini a rai, wan mahaifiyata. Daidai gindin mangwaron nan na so in gina ɗakina lokacin da zan yi aure.

Ni da ban wuce aji uku ba, ranar nan injiniya na zama. Na ja layi da toka, na kira shi ya sa albarka. Ko kallon layin bai yi ba. Ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya zura sandarsa a ƙarƙashin gaɓar, ta shige har rabi. Jar ƙasa ta zubo.

Na ce, "Kawu, nan ne tudu fa."

Ya ce, "Kai da tudun duk ɗaya, daga sama kyau, ciki rami."

Ya nuna mini yadda rafin yake cin gaɓar waje inda ya lanƙwasa, ya kai yashin ya zube a tsallake. Ya damƙo yashi mai sanyi ya danƙa mini. "Ruwa ba ya sata, sauya wa kaya wuri yake yi. Haye inda yake saukewa, ka haura sama."

Na yi wata guda ina kumbure-kumbure, amma na bi. A can jikokina suke wasa yau.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ƙasar da ta rufe shi ta zauna daram.