Rumbun da Zara'u Ba Ta Buɗe Ba

Yaushe rabonka da ka buɗe wurin da ka yi ajiya, ka zura hannu har ƙasa, ka ga ko abin yana nan? Ba leƙe daga bakin ƙofa nake nufi ba. Riƙe tambayar tukuna, bari in ba ka labarin Zara'u ɗiyar Lawali.

An haife ta a Baoudetta shekarar yunwar tamanin da huɗu, soja na kan mulki. Ubanta manomi ne mai rumbu biyu, na ci da na tsimi. Yana da wata al'ada da maƙwabta ke yi masa dariya a kanta. Duk tsayuwar wata sai ya hau rumbun tsimi, ya ɗage damman sama, ya zaro ɗaya daga can ƙasa, ya murza zangarniya a tafin hannu.

"Gara ba ta sallama," in ji shi. "Daga ƙasa take farawa, ta bar maka sama ka yi ta murna."

Zara'u ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ta wuce Maradi ta koyi aikin ordinatar, wato kwamfuta, shekara biyu, sannan wata ƙungiyar agaji mai suna Rumbun Gobe ta ɗauke ta aiki a bironta, wato ofishinta, na Tasawa. Inji biyu aka danƙa mata. Babban shi ake kira sarbar, duk aikin da aka yi a biro cikinsa yake sauka. Ƙaramin kuwa yana wani ɗaki dabam, shi ne na ajiya. Wani gwani daga Yamai ya saita masa lojisiyel, wato manhaja, da ke bin waya kullum da hantsi, ya tambayi babban inji me ya sabunta tun zuwansa na jiya, ya kwafo, ya adana. In ya gama lafiya sai ya nuna koren tambari. Kullum Zara'u takan leƙa, ta ga kore, ta yi hamdala, ta wuce.

Daminar dubu biyu da tara ta yi gardama. A Fabrairu soja suka sake karɓar mulki, suka kuma faɗa da bakinsu cewa akwai yunwa a ƙasa. Aiki ya taso wa ƙungiyar kamar gobara. Wata uku masu bincike suna yawo a komin biyu, wato gundumomin Baoudetta da Issawane, gida gida, suna ɗaukar hoton mutane da abin da ya rage musu na bisashe. Takardun aka ɗaure aka tura Yamai, hotuna da bayanai suka zauna cikin sarbar. Masu hatsi a Maradi suka ce ran Alhamis da safe za su yi lodin gero da dusa, kuma komin da dosiyensa, wato kundin bayanansa, bai iso da hotunansa ba, rabonsa ya wuce wani wuri.

Ran Laraba da hantsi Zara'u ta shiga ɗakin sarbar ta ji wata ƙara. Ƙat, ƙat, ƙat, kamar kaza na tsattsagar kwanon da ba kome. Ta ɗora kunne a jikin ƙarfen. Ta san wannan kukan tun Maradi: faifan da ke riƙe da bayanai ne ke shirin mutuwa. Zai iya kai kwana uku, zai iya tsayawa kafin azahar.

Gabanta bai faɗi sosai ba, ai akwai ajiya. Ta je ga ƙaramin inji, ga kore nan reras, layi bisa layi. Ta ce bari dai ta ciro dosiyen Issawane ta gani. Ta nema, babu. Ta nemi na Baoudetta, babu. Abu na ƙarshe da ya shiga rumbun nan tun ƙarshen Fabrairu ne.

Ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Waya tsakanin injinan biyu lafiya lau, suna jin juna. Wuri bai cika ba, ko rabi bai kai ba. Ta buɗe bayanin da lojisiyel ke rubutawa bayan kowane zuwa, wanda ba ta taɓa karantawa ba tunda kore ya ishe ta. Kowace rana magana ɗaya: an je, an tambaya, ba sabon abu, an dawo lafiya.

Ba sabon abu? Hoto fiye da dubu huɗu?

Ta koma ga babban inji ta dubi hotunan. Nan ta ga abin. Kowane ɗaya yana ɗauke da kwanan watan Janairun dubu biyu da biyu. Agogon sarbar ne ya koma baya shekara takwas.

Cikin kowane inji akwai ɗan pil, wato batir, ƙarami kamar dala, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. Na wannan ya daɗe da mutuwa, amma ba wanda ya sani, domin da can ba a kashe sarbar dare da rana. Sai da yunwa ta zo, kuran ɗin gari, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa yini guda, man gazuwal ya zama na motocin daji, shef ɗin biro, Malam Mamman, ya kafa doka: da tsakar rana a kashe gurup, injin da ke ba biro wuta, in an tashi aiki a kashe kome. Tun daga nan, duk tashin inji sai ya farka a dubu biyu da biyu. Ƙaramin ya zo ya ce a ba shi abin da ya fi jiya sabunta, babban ya duba ya ga kayansa duka tsofaffi ne, ya sallame shi hannu wofi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ba halin canza pil yanzu, sai an kashe inji, faifan kuwa in ya tsaya ba lalle ya sake juyawa ba. Ta gyara agogon da hannu, ta ce wa lojisiyel ya sake zuwa. Ya je ya dawo da kore, hannu wofi. Ta dafe kai. Ashe gyaran agogo bai goge tsohon kwanan watan da ke jikin hotunan ba. Magani ɗaya ya rage: ta hana shi tambayar sabo da tsoho, ya kwashe kome gaba ɗaya. Injin ya lissafa ya ce aikin awa shida ne.

Ta taga ta hango Umaru shofer, wanda shi ke kula da gurup, ya nufi bayan biro yana kaɗa makulli.

"Umaru! Kada ka taɓa shi!"

"Hajiyar inji, rana ta take. Ko gurup ɗin ma yana da haƙƙin ƙailula."

"In ka kashe shi, wallahi kai za ka ɗauki Issawane a ka zuwa Maradi."

Hayaniyar ta fito da Malam Mamman, tabarau a goshi.

"Mi ya faru kuma, Madmazel?"

Ta gaya masa a taƙaice. Ya ce, "Ba ke ce kullum kike ce mini kore ba?"

"Koren ne, Shef. Rumbun ne ba kome."

"To a kwafe a kile mana, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa inji."

"Kile nawa? Wanda muke da shi ko kashi ɗaya cikin goma ba zai ɗauka ba. Gurup nake so har la'asar sakaliya."

"Gazuwal ɗin da ke ciki na awa biyu ne. Sauran yana tankin motar da za ta kai dosiye Maradi gobe."

"In babu dosiye, mi motar za ta kai?"

Malam Mamman ya dubi Umaru. Umaru ya dubi sama.

"Ni dai kullum bakina ne ke shan gazuwal a gidan nan," ya ce, ya tafi neman tiyo da jarka.

A gindin itacen bedin da ke ƙofar biro akwai wata dattijuwa zaune tun safe, ta rufe kai da baƙin zane. Lalla sunanta, daga wani zango na arewacin Issawane ta biyo motar kasuwa don ta ji labarin dusa. Da Zara'u ta fito ɗiban ruwan da za ta jiƙa buhu ta rataya a taga don ɗakin ya yi sanyi, sai tsohuwar ta kira ta.

"Ɗiyata, ke ce mai ajiyar hotunanmu?"

"Ni ce, Inna."

"To ki riƙe su da kyau. Waɗanda aka ɗauka ran nan, rabinsu ba su nan. Maza sun kora abin da ke iya tafiya sun yi kudu. In kuka koma yau, mu tsofaffi za ku tarar da awakin da ba su iya tashi."

Zara'u ta koma ciki da maganar a kunnenta. Ta zauna gaban allo. Lojisiyel yana da tsarinsa: in an ce ya kwashe duka, bin jerin sunaye yake, Baoudetta farko, Issawane daga baya. Ba sai ta taɓa kome ba. Ta danna kawai, garinsu ya fara shiga, uwarta da ubanta da kawunanta. Ba wanda zai ce ta yi son kai, inji ne ya zaɓa.

Ƙat, ƙat. Yanzu ƙarar ta fi ta safe yawa.

Mutanen Baoudetta manoma ne, suna gida suna jiran ruwa, ko gobe aka koma za a same su. Na Issawane sun watse. Ta buɗe saitin, ta raba aikin gida biyu, ta sa Issawane gaba.

Malam Mamman yana tsaye bayanta. Ya sauke tabarau ya karanta.

"Baoudetta hwa garinku ne."

"Na sani, Shef."

Ta danna.

Wanda bai taɓa zama yana kallon lamba tana rarrafe ba, bai san tsawon yini ba. Goma cikin ɗari. Sha bakwai. A talatin da ɗaya ta tsaya cik, faifan ya yi wani gurnani, Zara'u ta zuba wa allo ido har sai da lambar ta motsa. Gurup ya yi tari sau biyu lokacin da Umaru ke ɗura masa mai, fitila ta yi ƙyaf ƙyaf, ta dawo. Buhun taga ya bushe, ta sake jiƙa shi. Sallar azahar a bakin ƙofar ɗakin ta yi ta, kunnenta na kan ƙarfen.

Ana kiran la'asar Issawane ta cika ɗari, kore ya fito. Wannan karon ba ta yarda da shi ba. Ta ce wa ƙaramin inji ya maido mata da hoto ɗaya daga can tsakiya, da wani daga ƙarshe. Suka buɗe. Ta nemo na zangon su Lalla, ga tsohuwar nan tsaye da awaki uku, ƙashin haƙarƙarinsu a waje.

Sai ta saki Baoudetta. Ya yi tafiya kamar zai kai. Bai kai rabi ba ƙarar ta ɗauke ɗif. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan gurup daga waje. Ta kashe ta kunna, ta sake, faifan bai ƙara juyawa ba.

Ran Alhamis dosiyen Issawane ya isa Maradi da ragowar gazuwal, motocin gero da dusa suka yi arewa. Na Baoudetta bai kai rabi ba, masu hatsi suka ce sai ya cika. Zara'u ta ɗauki na'urar hoto da kanta ta bi masu bincike, ƙauye bayan ƙauye, aka sake daga inda ya yanke. Rabon Baoudetta ya iso bayan mako biyu. Cikin mako biyun nan an ci tafasa ba gari, kawunta Ahmadu ya sayar da jakinsa a kuɗin da ba su kai na tunkiya ba, kuma har yau in ta gaishe shi da hanci yake amsawa.

Ranar da ta shiga gidansu da na'urar a wuya, labari ya riga ta. Uwarta A'i ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba.

"Sannu da zuwa, ɗiyar Issawane. Mu ma yau an tuna da mu?"

"Inna, ku tsaya in ɗauke ku."

"Ɗauki. Ki ɗauki tukunyar ma, ita ce ta fi mu rama."

Lawali yana zaune a inuwar rumbun tsimi, wanda a shekarar nan ba kome cikinsa sai iri. Bai yi mata faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Wata nawa ba ki hau ba?"

"Uku, Baba."

Ya girgiza kai, ya gyara zama don hoto.

Pil ɗin a wurin mai gyaran agogo na kasuwar Tasawa ta samo shi. Da sabon faifai ya zo daga Yamai, ta sake saitin da hannunta. Babban inji ya riƙa karɓar lokaci daga ƙaramin duk tashinsa. Kowace Juma'a a kwashe kome, ba tambaya. In lojisiyel ya dawo hannu wofi ranar aiki, ja zai nuna, ba kore ba. Kuma duk tsayuwar wata takan maido da abu ɗaya daga can ƙasan ajiya, ta buɗe shi da idonta. Ta bar ƙungiyar tuni, yanzu injinan wani asibiti take kula da su, amma al'adar tana nan.

To, kai mai karatu, koma kan tambayar farko. Ko sarbar gare ka, ko waya ce kawai da hotunan ƴaƴanka, je wurin da kake cewa ka ajiye su. Kada ka tsaya ga kore. Zaɓi abu ɗaya na watan jiya, ka ce a maido maka da shi, ka buɗe ka gani. Don Allah ka gwada yau, tun inji bai fara ƙat, ƙat ba.