Iya Mai Shara da Mangwaron Ƙofar Makaranta

Duk wanda ya yi firamaren da ke ƙarshen layin masu walda ya san Iya Mai Shara. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, amma in ta kalle ka sau ɗaya bayan ka yar da leda, da kanka za ka sunkuya ka ɗauka. Shekara ashirin da biyu ta yi tana share azuzuwa goma sha biyu da ofishin hedimasta da bayan gida huɗu. Mijinta tela ne, keken ɗinkinsa ya cinye rabin ɗakinsu. Ta haifi biyar, huɗu suka rayu, kowa ya kama gabansa. Ba ta taɓa zama a benci da sunan ɗaliba ba; ɗan abin da ta sani na boko, ta taga ta tsince shi tana goge gilas.

A shekararta ta farko a aiki ta sha mangwaro, ta binne ƙwallon a wajen katanga, dab da ƙofa, inda babu komai sai yashi mai ƙona ƙafa. Kullum in ta gama goge-goge sai ta kai masa ruwan ɗaurayar ƙarshe, wanda babu sabulu a ciki. Ta kewaye shi da ƙafafun karyayyun bencina saboda awaki. A hankali tsiro ya zama bishiya, inuwarta ta rufe ƙofar har ta tsallaka rabin titi. A nan iyaye suke tsayawa jiran tashi, a nan masu babur suke hutawa. Babu wanda ya taɓa ce mata sannu da ƙoƙari, ita ma ba ta nema ba.

Sai wani saurayi-saurayin magidanci ya kama shagon da ke jikin katangar. Yana buga takardu, yana sayar da littattafai da lemo mai sanyi, janaretansa na ruri daga safe zuwa yamma. Shi kaɗai ne a shagon, amma ya ce a riƙa kiransa Manaja, aka kuwa bi shi da shi. Ya kafa ƙaton allo mai ɗauke da sunan shagon, reshen mangwaro ya rufe rabinsa.

"Iya, wannan bishiyar taku tana kashe mini kasuwa," ya ce mata wata safiya. "Ga ganye kullum a ƙofata."

"Ganyen ni nake share shi, Manaja. Reshen kuma zan sa a rage maka."

Ta sa aka sare reshe ɗaya. Bai gode ba.

Da aka yi dogon hutu ta tafi jinyar autarta da ta haihu, ta yi mako shida. Ranar da ta dawo, tun daga kwanar layi ta ga rana ta sauka inda ba ta saba sauka ba. Ganyen ya bushe ƙayau yana zuba. An bi gindin da adda an kwashe ɓawon kewaye, faɗin tafin hannu biyu, sannan an tona ƙasa an ɗura baƙin mai har ya yi kwance yana ƙyalli. Ta dafa itacen, hannunta ya fito baƙi.

Wani tsohon mai walda ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Man janaretansa ne, Iya. Jarka uku na ƙirga. Amma don Allah ba daga bakina kika ji ba."

Manaja kuwa yana zaune yana kaɗa ƙafa. "Tsufa ne, Iya. Itace ma yana da ajali."

Hedimasta ya ce abin ya yi masa ciwo, sai dai bishiyar a wajen katanga take, kuma babu mai shaida. Maganar ke nan.

Kwana uku Iya ba ta iya cin abin kirki ba. Mijinta ya dube ta ta saman tabarau, ya jawo babban almakashinsa ya tura ƙarƙashin cinyarsa.

"Wannan kallon da kike yi, gara in ɓoye kayan aikina."

"Ba da ƙarfe zan taɓa Manaja ba," in ji ta.

Ta dai so ta taɓa shi. Wata rana da azahar, Manaja ya fita cin abinci, ta tsaya kan janaretan da yashi cike da hannunta, murfin tankin ga shi nan a gabanta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta watsar da yashin. Ba tausayi ne ya hana ta ba. Ta lissafa ne ta ga cikin mako guda zai gyara injinsa ya manta, ita kuwa abin da take nema shi ne wanda zai tashi da shi ya kwana da shi.

Damar ta zo ta bakin malamar kimiyya, wata siririyar yarinya sabuwar ɗauka. Iya na goge ɗakin malamai ta ji tana ƙorafi: an ce a koyar da yara kula da muhalli, amma babu kayan gwaji, sai dai ta rubuta a allo su kwafa su manta.

Iya ta jingine sandar gogewa. "Malama, in kayan gwaji kike nema, ga su can a ƙofa, kyauta."

Ta kai ta gindin bishiyar, ta tona mata ƙasar. Malamar ta shinshina, ta ɓata fuska, sai kuma idonta ya yi haske. A makon suka tara gwangwanayen madara. Kowane ɗalibi zai cika biyu: ɗaya da ƙasar lambun makaranta, ɗaya da baƙar ƙasar gindin mangwaro, ya shuka wake a kowanne, ya riƙa ba su ruwa daidai wa daida.

Iya ce ta ba da shawarar lokaci. "A riƙa fitowa dab da tashi, Malama. Rana ta fi sauƙi." Ƙarya take yi, rana a lokacin ta fi zafi. Abin da ta sani shi ne lokacin ne iyaye suke cika ƙofar.

Aka fara da 'yan aji shida. Yara arba'in suka tsugunna a ƙofar shagon Manaja da cokula suna tono. Malama tana bayani: man da inji ya gama sha guba ne, yana toshe ƙasa, saiwa ta kasa shan ruwa, in ya nutse kuma yana iya kaiwa ga ruwan rijiya. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, to wa ya zuba?"

Iya, da ke riƙe da tsintsiya a gefe, ta ce, "Ni dai ban gani ba, 'yata. Amma ku da kuke karatu, ku duba mana, wane inji ne a nan kusa yake fitar da irin wannan man?"

Kawuna arba'in suka juya lokaci guda suka kalli janareta. Iyayen da ke tsaye su ma suka juya.

Aji goma sha biyu ne a makarantar, kuma Iya ta tabbatar babu wanda aka tsallake. Aka jera gwangwanayen a kan katanga, daidai inda duk mai fitowa daga shagon zai gan su. Bayan kwana goma, layi ɗaya ya yi kore shar, ɗaya layin kuwa babu ko tsinke. Kullum da safe Iya za ta gyara jerin, ta ɗaga murya ta ce, "Ina kwana, Manaja? Ya kasuwa?"

Kasuwa dai ta lalace. Tunda inuwa ta tafi, iyaye suka koma jira a rumfar wani shago a tsallaken titi, can suke sayen lemonsu. Yara suka kai labari gida. A taron iyaye wata uwa ta miƙe ta tambayi taku nawa ne tsakanin wannan baƙar ƙasa da rijiyar da 'ya'yansu suke sha a makaranta. Aka auna, taku talatin. Daga ranar makaranta ta daina kai wa Manaja bugun takardun jarrabawa.

Abu ɗaya ne Iya ba ta lissafa da shi ba. Manaja yana da 'ya a aji uku. Wata rana ta same ta a bayan aji tana kuka, 'yan ajinsu sun sa mata suna Baƙin Mai. Iya ta share mata fuska da gefen mayafinta, ta shiga ajin ta ce duk wanda ya sake faɗa, shi zai wanke bayan gida har ƙarshen zango. Abin ya tsaya mata a rai har gida. Amma washegari ta fito da 'yan aji biyu kamar yadda aka tsara.

A mako na bakwai Manaja ya same ta tana kwashe shara. Ya rame, takalminsa ba ƙyalli.

"Iya, na tuba. Ni ne. Me kike so in yi?"

"Ni? Ni mai shara ce. Me zan so?"

"Don Allah, Iya. Matata ta daina yi mini magana."

Ta bar shi a tsaye har ta gama ɗaure buhu, sannan ta faɗa masa. Zai haƙe ƙasar nan duka har inda baƙi ya ƙare, da hannunsa, ba ɗan kwadago ba, kuma a lokacin tashi. Zai kawo sabuwar ƙasa ya dasa wani mangwaron. Zai ajiye durom a bakin layi, duk mai inji ya riƙa juye tsohon mai a ciki ana kai wa masu sayensa. Sannan zai tsaya gaban yara a taron safe ya faɗi abin da ya yi.

Kwana huɗu ya yi yana haƙa, hannunsa ya yi bororo ya fashe. Iya ta ɗauko kujera daga ofis ta zauna tana kallo. Duk lokacin da ya ce ya kai, sai ta leƙa ramin ta ce, "Akwai saura."

Dashen farko akuya ta cinye, ta sa ya sake. Na biyu ya kama. Malamar kimiyya ta mai da gwajin wake darasin kowace shekara, makarantu biyu na kusa suka kwaikwaya, aka gayyaci Iya ta je ta yi musu bayani. Ta je, ta kuma ba da labarin ba tare da ta rage komai ba.

Har ta bar aiki ba ta sake sayen ko allura a shagonsa ba. Ranar da aka yi mata walimar sallama, Manaja ya aiko da katan ɗin lemo. Ta sa aka raba wa masu walda, ita kuma ta sha ruwa.