Mai Wuƙaƙen da Ba Su Yanka

A tashar Dogon Dutsi, Hindatu mai ƙosai ta kasa ɗauke ido daga wani baƙo da ke zaune bisa benci. Dattijo ne fes-fes, shaddarsa ta sha guga, ka ce ma'aikaci ne da ya bar aiki ya rasa inda zai sa kansa. Ya shimfiɗa hankici a cinya, ya jera wuƙaƙen aljihu irin masu naɗewa. Sai ya buɗe ɗaya a gefen kunne, ya lumshe ido yana sauraren makullinta: ƙas! Wata a baya ake danna ta, wata zobe ake murzawa. Hindatu dai ba ta jin ko 'ya'yansa yana lallaɓa su haka.

Ana cikin haka wani rago ya suɓuto daga saman motar Dogon Kiriya, ya faɗi ta ka, yana shure-shure. Mai shi ya rugo a gigice.

"Alhaji, don Allah ara mini wuƙa in yanka shi kafin ya zama mushe!"

Dattijon ya kife hannu bisa hankicin. "Yi haƙuri, malam. Waɗanga na ajiya ne, ba su taɓa jini ba."

Kafin a karɓo wuƙar mai tsire daga tsallaken titi, rago ya miƙe ƙafa. Mai shi ya tsugunna ya dafe kai.

Ƙosan Hindatu na ƙonewa, takaici ya hana ta juya shi. Shi kuwa ga shi can, yana goge wa wuƙaƙensa ƙurar da ragon ya tayar.