Kuɓewar Gwaggo da Jiragen da Suke Ɓacewa

Har yau idan na ji ƙamshin kuɓewar da aka yanka aka shanya a rana, sai in tuna wata Asabar ta kaka wadda ba na jin zan taɓa mantawa da ita.

A lokacin ina cikin 'yan koyon aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama. An kawo mana sabuwar manhaja wadda take nuna kowane jirgi a allon kwamfuta, da lambarsa da nisansa daga ƙasa. Ana gwada ta ne tukuna, tsohon tsari yana ci gaba da aiki. Aikina shi ne in zauna gaban sabon allon daga azahar zuwa magariba, in rubuta abin da na gani. Ni kuwa ina son aikin, domin jiragen suna yi mini kama da taurari masu jin magana.

Sai dai kullum bayan la'asar, jiragen da ke arewa maso yammacin Kano sukan ɓace daga allon. Na rubuta sau ɗaya, na rubuta sau biyu. Ogan sashenmu, wanda aka kai ƙasar waje ya yi mako biyu yana koyon manhajar, ya ce ita ba ta kuskure. Ya kuma ce an sha ganina ina rubuta waƙoƙi a bayan takardar aiki, don haka wataƙila ni ce nake ɓacewa bayan la'asar. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya sabunta manhajar har sau uku, jirage ba su fasa ɓacewa ba. Daga ƙarshe aka ba ni mako guda: ko matsalar ta gushe, ko a cire sunana daga horon.

Na tafi ƙauyenmu da ke bayan Bici don in yi kukana a ɗakin Inna. A gefen gonar mahaifina akwai wata 'yar tasha da aka kewaye da waya, mai doguwar eriya da allunan sola. Ita ce take kamo saƙon jiragen wannan yanki ta aika mana. Na san da ita a takarda, amma ban taɓa zuwa kusa ba.

Da hantsi aka aike ni kiran Gwaggo, yayar mahaifina, aka ce tana wurin shanya. Ƙamshi ne ya kai ni har bakin wayar. Allunan solar nan gaba ɗaya a rufe suke da tsofaffin zannuwa, an danne gefensu da duwatsu, a kai kuwa kuɓewa ce da barkono da tattasai, kowace mace da nata allon. Maigadin, wanda ɗan unguwarmu ne, yana taya su juyawa. Nan take na gane: rana ba ta taɓa allunan, batir ba ya cika, yana kai la'asar sai ya mutu.

Na durƙusa na gaishe da Gwaggo, na yi mata bayani a hankali. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa ganin abin kirki da aka kawo garin nan kamar wannan ba. Ga zafi, ga tudu, akuya ba ta shiga, kaza ba ta hawa.

"Jirgin da yake can sama, me ya haɗa shi da kuɓewata?"

Na ce, "Gwaggo, korata za a yi daga aiki."

Sai ta juya ga matan ta ce, "To, ku kwashe. Ba da ni za a ce 'yar ƙanena ta zubar da jirgi ba."

Kafin yamma mahaifina da maƙwabta sun kafa musu rumfar kara mai tsayi don shanya. Ranar Litinin babu jirgin da ya ɓace. Na faɗa wa oga gaskiyar abin, ya ce ba za a rubuta kuɓewa a rahoton hukuma ba. Rahoton ya ce sabuntawa ta uku ce ta fara aiki a makare. Aka yaba wa kwamiti, ni kuma aka bar ni na kammala horona.

Tun daga nan na koyi cewa kafin mutum ya rantse da abin da allo ya nuna masa, ya kamata ya taka ya ga inda wayar ta ƙare, ya gaisa da mutanen wurin.

Sai bayan shekara uku maigadin ya gaya mini cewa injiniyoyi sun je duba tashar har sau biyu a waccan kakar. Kowane zuwa sai sun sanar da mai unguwa tun ana jibi, shi kuma ya sa mata su kwashe shanyarsu, su wanke allunan tas, saboda baƙi daga birni.