Miyar Babana Ba Gishiri

Wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da na shiga aji shida na firamare a Kalgo, can ƙarshen shekarun tamanin. Baba ya sa farar rigarsa zai tafi masallaci, sai takalmi ya ƙi shiga. Ya tura, ya sake turawa, ina! Ƙafar ta kumbura suntum. Inna ta durƙusa ta danna masa ƙauri da yatsa, wurin ya loɓa, ya ƙi tasowa. Ni ina tsaye da buta a hannu ina kallon ramin nan.

Da aka kai shi asibiti a birni, likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye. Baba da kansa ya yi mana bayani da ya dawo. Ya ce ƙoda kamar matatar kamu take, ita ke tace jini ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. Tasa matatar ta gaji, ba kuma za ta koma sabuwa ba, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi gishiri da kanwa da dunƙulen miya.

Inna ta ware masa ƙaramar tukunya. Amma hannun da ya shekara da shekaru yana girki bai san doka ba. Tana cikin hira sai ta barbaɗa gishiri, sai bayan ya narke ta dafe kai tana salati. Ran nan ta miƙo mini ludayi ta ce, "Dije, karɓi. Ke hannunki bai saba ba tukuna." Da haka tukunyar Baba ta zama tawa. Ina dawowa daga makaranta in ɗebo ruwa, in share tsakar gida, ƙawayena na waje suna gaɗa suna kirana, ni kuwa ina gindin murhu hayaƙi na cin idona. Miyar farko da na yi, wallahi ko ni da na ɗanɗana sai da na tofar. Baba ya cinye tas, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Matsalar ba a cikin gida take ba, a ƙofar gida take. A unguwarmu magidanta ciyayya suke yi. Bayan magariba kowa ya fito da akushinsa, a shimfiɗa tabarma, a ci na wannan gida a koma na wancan. Ka janye hannu daga kwanon maƙwabci, ai ka raina matarsa ke nan. Baba kuwa mutum ne mai kunya. Sai ya ci tawa miyar kaɗan, ya bi sauran kwanuka yana sa hannu kamar kowa. Kafin a yanke shinkafa kumburin ya dawo, har fuska. Likita ya yi faɗa sosai. Daga nan Baba ya daina fita. Yana zaune a ɗaki shi kaɗai da kwanonsa, dariyar abokansa na shigowa ta kan katanga, shi kuma yana juya tuwo yana turewa. Ya rame, ya daina ba'a. Na ga dai in ya fita gishiri ya kashe shi, in ya zauna kaɗaici ya kashe shi, abin ya tsaya mini a rai.

Da hutu aka kai ni Gwandu wurin kakata, na zauna na yi mata kuka. Tsohuwar ba ta lallashe ni ba, kasko ta ɗora. Ta nuna mini yadda ake soya albasa a hankali har ta yi ja ta yi zaƙi, yadda ake gasa daddawa kafin a daka, a haɗa da citta da tafarnuwa da kanumfari, a matsa ɗan tsami a ƙarshe. "Harshe wawa ne," in ji ta, "ki ba shi ƙamshi, sai ya manta abin da yake nema."

Na dawo na yi ta gwadawa, na ƙona albasa ba adadi. Ranar da miyar ta yi daidai, da ɗanyen kifin fadama na yi ta. Aka yi sa'a Baffa Manu ya leƙo gaisuwa. Bafulatani ne maƙwabcinmu, aminin Baba, bakinsa ba ya shiru. Ya tarar da Baba na ci, ya zauna ya sa hannu ba tare da an ce bismilla ba. Ya kai loma, ya tauna, ya ƙara. Da Baba ya ce masa babu ƙwayar gishiri a ciki, kuma ni na yi, sai ya kwala mini kira. "Ke wagga ɗiya! Ashe saboda gishiri aka ɓoye mana mutum?" Ya ɗauki akushin da hannu ɗaya, ya kamo Baba da ɗayan, ya ja shi waje.

Abin da suka yanke a kan tabarmar nan, washegari ya shiga gidaje: duk kwanon da zai fita ciyayya a kwashe shi kafin a sa gishiri, a ajiye gishirin a ƙoƙo a gefe, mai so ya barbaɗa a gabansa. Mata suka yi ta mita, wasu suka ce za a mayar da su masu miyar lami a gari. Amma ba a jima ba aka fara aikowa gidanmu, wai Dije ta zo. Ni, 'yar mitsitsiya da ɗaurin ƙirji, ina tsaye a kan matan da suka haife ni ina cewa a rage wuta! Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba, har yau ma bai gama sacewa ba.

Baba ya koma wurinsa a bakin tabarma, ba'arsa ta dawo. Ciwon bai tafi ba, yana kwanciya yana tashi, amma ya ga aurena, ya riƙe ɗana na fari kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina aure a Gwandu. Akwai injin wankin ƙoda a manyan asibitoci, abin da Baba bai samu ba, amma in na je Kalgo ba na ganin tabarmar nan. Kowa na ci a ɗakinsa gaban talabijin. Ni abin da nake tunawa shi ne ranar sadakar ukunsa. Gidajen unguwa suka yi ta aiko da abinci, na buɗe kwano na ɗanɗana, na buɗe wani. Duk babu gishiri. Babu wanda ya ce su yi haka. Hannunsu ne ya saba da kwashewa kafin a sa gishiri.