Dutse da Albasa daga Saman Bene

Yau shekara uku ke nan da rasuwar yayana Malam Lawal, wanda ya koyar da fiziks ga 'yan ajin farko a wata kwaleji a nan Legas. Allah ya jiƙansa. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, sai ku yi haƙuri da rubutuna.

Sau ɗaya na taɓa ganin aikinsa, ranar da na kai masa abinci daga Agege. Ya haɗa kwamfuta da wata 'yar na'ura mai auna tafiya. In mutum ya taka a gabanta, sai zane ya fito a gilashi. Ɗalibai na ta gwadawa, zanensu duk a karkace. Ya ce, "Hadiza, zo ki yi tafiyar nan taki ta ɗaukar bokiti a ka." Na yi, kunya kamar in nutse. Nawa zanen ya fito a miƙe sak. Aji ya kaure da shewa. Shi kuwa bai yi musu bayani ba, cewa ya yi, "To, malamai, me ƙafarta ta sani da ku ba ku sani ba?"

Ya rasu soja na kan mulki. Yanzu ga farar hula, ga shagon kwamfuta a kowane layi har Ogba, amma in na leƙa, buga wasiƙa kawai yara ke koya. Wani tsohon ɗalibinsa ya ce min an kulle na'urar a sito, sabon malamin karantowa yake, su kwafa. Da Yaya zai gani, ban san ko dariya zai yi ko tsaki ba.

Ni ma ban fi su ba. Watan jiya na kama 'yata Rabi, mai shekara shida, a saman benen gidan hayarmu, rabin jikinta a waje, tana sakin dutse da albasa ta ga wanne zai riga isa ƙasa. Ƙarfen barandar ya ci tsatsa. Na mare ta, marin da ni kaina na ji. Tun ranar ta daina tambayata komai, sai "To, Mama." Wannan "to" ɗin ya hana ni sukuni.

Ban gaji iliminsa ba, kuma na gaji da fargaba. Abin da ya rage min nasa shi ne sanin cewa shirun yaro ba ladabi ba ne kullum. Jiya na hau benen da ita, na damƙe rigarta ta baya da hannu biyu, na ce ta saki dutsen da albasar. Tare suka dira.

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Mama, to don me?"

Ban sani ba. Amma ban ce ta yi shiru ba.