Akwatin da ya fi ƙarfin gara

Jiya ina kwashe tarkace a gidanmu na Ɗanzomo, sai hannuna ya faɗa kan wani baƙin akwati. Na zauna ina ta murmushi ni kaɗai.

A alif ɗari tara da saba'in da 'yan kai, damina na sauka ake ajiye dara a tafi gona. Kafin kaka, gara ta cinye 'ya'yan darar da Baffa Habu, ƙanin babana, ya sassaƙa. Duk shekara haka.

Sai na samo katako a kasuwar Maigatari na haɗa akwati, na roƙi wani direba baƙin mai na shafe akwatin ciki da waje, na zuba 'ya'yan darar a ciki.

Baffa ya dube shi ya ce, "Ɗana, ka dai haɗa wa gara tuwo da miya."

Na ce, "Baffa, Allah ya kai mu kaka."

Da aka gama yankan gero, na buɗe shi a gaban dattawa. Ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Baffa ya gyara zama ya ce, "To, ka kayar da gara. Zauna mu gani ko za ka kayar da ni."

Ranar na fara zama cikin manya. Ku fa, me ya fara zaunar da ku?